Wa Zai Ɗauki Asara? Tarihin Lamuni a Mahdiya ta Birnin Sabha

Duk wanda ya ratsa unguwar Mahdiya ta birnin Sabha a watan Yuli ko Agusta, sa'ad da rana ta take, kantuna suka rufe, hanyoyi suka ɗauke ƙafa, ba abin da zai cika masa kunne sai gurnanin na'urorin sanyaya ɗaki da aka kakkafa a jikin bangaye. In kuwa ya ji unguwa ta yi tsit, to, ya tabbata an ɗauke wuta, kuma ba da jimawa ba masu gyara za su fara samun kira. Gama a ƙasar Fazzan, inda zafi kan haura digiri 40 kwana da kwanaki a jere, shekara kuma takan zo ta wuce ba a sami ruwan saman da zai kwantar da ƙura ba, wannan na'ura da mutanenmu ke kira iyakwandishan ta daɗe da fita daga sahun kayan ƙawa, ta shiga sahun larura, musamman ga gidan da ke da tsoho ko jariri ko majinyaci, da kantin da ke ajiye magunguna. Saboda haka idan ta mutu, aka kira mai gyara ya yi aikinsa, sa'an nan mai ita ya kai takardunsa ga kamfanin inshora ko ga dillalin da ya ba shi garanti, aka ce masa ba za a biya ba, sai a tarar da mutum uku suna kallon juna, kowanne da hujjarsa, kowanne yana ganin asarar ta waninsa ce. Na'urar sabuwa ce a wannan ƙasa, inshora ma baƙuwa ce, amma mas'alar wanda zai ɗauki asara idan dukiya ta halaka a hannun wani, ita kam ta girmi Mahdiya nesa ba kusa ba, kuma kakanninmu Hausawa suna cikin waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna fama da ita a kan wannan hanya.

Ba Sabha ce uwar Fazzan a zamanin da ba. Kafin ita akwai Zawila, wadda ta yi suna tun ƙarnonin farko na Musulunci. Akwai Taragan, inda wakilan sarakunan Kanem suka zauna bayan Mai Dunama Dibbalemi ya shimfiɗa ikonsa arewa a ƙarni na 13. Sa'an nan akwai Murzuk, wadda gidan sarautar Aulad Muhammad suka mayar babban birninsu tun ƙarni na 16, suka riƙe ta har farkon ƙarni na 19, lokacin da Muhammad al-Mukni ya kawar da su da sunan Yusuf Basha Karamanli na Tarabulus. A duk tsawon wannan zamani Sabha 'yan ƙauyuka ce a cikin dabino, watau Jadid da Gurda da Hajara, zango ce da ayari kan yada a kan hanyarsa ta zuwa bakin teku. Murzuk ce Bahaushe ya sani, har Abubakar Tafawa Balewa ya ambace ta cikin littafinsa Shaihu Umar. Heinrich Barth kuwa, wanda aka sani a ƙasarmu da Abdulkarim, ya bi ta can a 1850, ya iso Kano a farkon 1851, ya tarar tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano suna kaiwa har Gat da Murzuk da Tarabulus. Larabawan Gadamas da na Tarabulus suna da gidajensu a birnin Kano, wajen Dandalin Turawa, Hausawa kuma suna da nasu a Gat da Murzuk, waɗansu fatake ne da suka je da ƙafarsu, da yawa kuwa, kada mu ɓoye, an kai su ne a ɗaure.

To, a yi tunanin attajiri a Gadamas wanda ya tara haja, akoko da alharini da takarda da sukari da turare, ya danƙa ta ga wani mutum domin ya kai Kano ya sayar, ya sayo masa turkuɗi da jar fata da gashin jimina da hauren giwa, alhali tafiyar za ta ci wata uku ko fiye a zuwa kaɗai, a kan hanya kuma rijiya na iya ƙafewa, guguwa na iya binne sawu, raƙuma na iya mutuwa ɗaya bayan ɗaya, 'yan hari na iya faɗo wa ayari da asuba. Ba a san ayari da takardar inshora ba, amma wannan bai sa an bar al'amarin kara zube ba, domin fikihun Malikiyya, wanda jama'ar Fazzan da ta ƙasar Hausa suka haɗu a kansa, ya riga ya yanke wa kowane hali hukuncinsa. Idan kiradi aka ƙulla, watau wannan ya kawo dukiya wancan ya kawo wahalarsa, a raba riba bisa kason da aka ambata, to, mai tafiya amintacce ne: in ya ce kaya sun halaka, ana karɓar maganarsa tare da rantsuwa matuƙar ba a ga alamar ƙarya ko sakaci ba, asara ta faɗa kan uwar kuɗi, shi kuwa ya tashi a tutar babu, wahalarsa ta tafi a banza. Har ma fukaha'u suka ce idan mai dukiya ya gindaya masa sharaɗin cewa shi zai biya abin da ya salwanta, kiradin ya ɓaci. Haka nan mai raƙuman da aka yi ijara da shi don ɗaukar kaya, ba ya lamuncewa sai in ya yi ta'addi ko ya yi ha'inci, in ban da mai dakon abinci, wanda aka tsananta masa saboda hannu yakan yi saurin kai wa abinci. Attajirai kuma suna da tasu dabarar, ba sa zuba dukiyarsu duka cikin ayari guda, kuma wasiƙun 'yan kasuwar Gadamas da Bashir Kasim Yusha ya tattara ya buga sun nuna yadda ake bin lissafi dalla-dalla tsakanin gari da gari.

Akwai kuma kuɗin hanya da madugu kan biya manyan Buzaye, Kel Ajjer a wajen Gat da Kel Owi a ƙasar Azbin, domin ayari ya wuce lafiya. Wani zai ce ai wannan ita ce inshorar wancan zamani, amma ni a ganina akwai bambanci mai girma, domin wanda ya karɓi kuɗin hanya yana da ikon hana ɓarnar kafin ta auku, in kuma ta auku yana da takobi da dangin da zai bi sawun kaya da su, sunansa kuma shi ne jarinsa, ranar da aka washe ayari a ƙarƙashin inuwarsa ayarin baɗi ya sake hanya. Kamfani kuwa ba ya hana wuta ƙona na'ura. Iyakarsa ya zo bayan ta ƙone ya duba ko takarda ta hau kansa.

Amma babin da ya fi kusa da mai gyaran iyakwandishan shi ne wanda malamai suka kira tadminus sunna'i, watau ɗora wa masu sana'a lamunin abin da aka ba su. Sahnun, wanda ya rasu a Kairawan a 854, ya keɓe masa littafi guda cikin Mudawwana. Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ya taƙaita shi cikin Risala. Shaihu Halil ya ƙulle shi cikin Muhtasar. A ƙarni na 18 kuma wani alƙalin Maroko, Ibn Rahhal al-Ma'adani, ya wallafa risala sukutum a kansa. Waɗannan littattafai kuwa, in ban da na ƙarshen, su ne ake karantawa a zaurukan Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato, har ya zama alƙalin da ke zaune a ƙasar Hausa da malamin da ke fatawa a Fazzan ma'auninsu ɗaya. Asalin ƙa'ida shi ne ɗan ƙodago amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa sai da laifinsa. Sai Malikawa suka fitar da wanda ya kafa kansa domin yi wa jama'a aiki, kamar marini da maɗinki da masaƙi da maƙeri, suka ce idan ya karɓi kayan mutum ya tafi da su shagonsa, inda idon mai su ba ya gani, sa'an nan ya ce sun ɓata ko sun ƙone, to, zai biya ƙimarsu ta ranar da aka miƙa masa, ko da lada yake aikin ko kyauta, sai fa in ya kawo shaidun da suka tabbatar da cewa halakar ba da hannunsa ta auku ba. Dalilinsu maslaha ce: mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu ga masu sana'a, kuma da za a riƙa gaskata kowane marini da ya ce zane ya ɓata a karofi, da dukiyar jama'a ta ƙare. Ana jingina asalin wannan hukunci ga Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi a nan guda biyu ne, kuma dukansu suna da alaƙa da rigimar yau. Na farko, an ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda abin ya faru a gabansa, wanda ya fi kowa sanin gaskiyar lamarin, ba a kan wanda aka bari a gida yana jira ba. Na biyu, a mashahurin zance na mazhaba, idan mai sana'a ya ce tun farko, na karɓa amma da sharaɗin ba ruwana da abin da ya same shi, wannan sharaɗi ba ya amfanarsa, domin da an buɗe wannan ƙofa da kowa ya bi ta nan ya fice. Duk da haka ba a zalunci mai sana'a ba, gama an sauke masa lamuni idan a gidan mai kaya ya yi aikin ko a gaban idonsa, an kuma sauke masa idan aikin kansa mai kasada ne, kamar huda lu'ulu'u da miƙe takobi da gasa gurasa a tanderu, sai in ya bayyana cewa ya saɓa wa ƙa'idar sana'arsa.

Ga masu dabino kuma, waɗanda su ne asalin mutanen Sabha, akwai babin ja'iha. Idan mutum ya sayi dabino tun yana kan bishiya bayan ya fara nuna, sa'an nan fara ko iska ko wata annoba da ba a iya turewa ta cinye sulusinsa ko fiye, ana rage wa mai saye kuɗi gwargwadon abin da ya halaka. Malamai kuma sun lissafa rundunar yaƙi cikin ja'iha, tun da ba mai iya tare ta. A riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Wannan duniya ta ayari ta rushe cikin shekaru kaɗan. Rabe ya ci Barno a 1893 ya dagula hanyar gabas, Faransawa suka shiga Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903, a 1911 kuma, shekarar da Italiya ta auka wa Tarabulus, layin dogo ya iso Kano, fata da tufafi suka juya kudu. Italiyawa sun hau Fazzan a ƙarshen 1913, aka kore su a 1914, ba su sake kama ta ba sai 1930. Su ne suka ƙarfafa ganuwar da ke bisa tudun Sabha, wadda Faransawan Janar Leclerc suka karɓe da suka taso daga Cadi a farkon 1943. Daga nan mulki ya tabbata a Sabha, Murzuk ta koma baya, kuma da Libiya ta sami 'yancin kai ranar 24 ga Disamba 1951 a ƙarƙashin Sarki Idris, Sabha ce ta zama hedikwatar wilayar Fazzan, Ahmad Saif an-Nasr na ƙabilar Aulad Sulaiman yana waliyinta.

Mahdiya tana cikin unguwannin da suka bunƙasa a wajen tsofaffin ƙauyukan nan uku bayan gari ya zama mazaunin hukuma, musamman da aka tono man fetur a Zaltan a 1959, aka fara fitar da shi a 1961, kuɗi suka fara gangarowa kudu. Tsohon gidan Fazzan na ƙasa ne mai kaurin bango, rufinsa itacen dabino, tagoginsa ƙanana, lungunansa matsattsu masu inuwa, da dare kuma a hau soro a kwanta. Sabon gida kuwa na bulo da siminti ne, yana shan rana wuni guda ya riƙa amayar da ita cikin ɗaki har tsakar dare. Wanda ya zaɓi siminti, ko ya sani ko bai sani ba, ya zaɓi na'urar sanyi tare da shi, ya kuma ɗaura rayuwarsa ga wayar lantarki mai tahowa daga tashoshin bakin teku, tafiyar fiye da kilomita 700. Masu aikin ginin nan da masu gyaran abin da ke cikinsa, da yawansu daga kudu suka zo, ta tsohuwar hanyar Agadas da Dirku da Tummo da Gatrun, musamman bayan Gaddafi, wanda ya yi wani ɓangare na karatunsa na sakandare a Sabha, ya juya fuskarsa ga Afirka a ƙarshen shekarun 1990 ya buɗe ƙofa. Cikinsu akwai leburori da masu aikin gona da magina, akwai kuma samarin da suka koyi gyaran firji da iyakwandishan a Kano ko Maraɗi ko Damagaram, suka zo da gwaninta a hannu amma ba takardar zama a aljihu.

Ita kuwa inshora ta teku ta shigo ƙasashen Musulmi. Malamin farko da aka sani ya yi magana a kanta shi ne Ibn Abidin, Bahanafen Dimashƙa da ya rasu a 1836, wanda ya ga 'yan kasuwa suna biyan wani Bature kuɗi domin ya lamunce musu kayan da ke cikin jirgi, ya ce bai halatta a karɓi wannan diyya a ƙasar Musulunci ba, domin an ɗora wa mutum abin da shari'a ba ta ɗora masa ba. A taron fikihu na Dimashƙa a 1961 Mustafa az-Zarka ya halatta ta, Muhammad Abu Zahra ya ƙi. A 1979 aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan bisa tsarin taimakekeniya, wanda ake kira takaful. A 1985 kuma majalisar fikihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke cewa inshorar kasuwanci ɓatacciya ce saboda yawan gararin da ke cikinta, ta haɗin kai ce halal. A Libiya dokar madaniyya ta 1953, wadda aka tsara bisa sawun ta Masar da Abdurrazak as-Sanhuri ya rubuta, ta keɓe wa inshora babi. Aka kafa kamfanin inshora na Libiya a 1964, bayan juyin mulkin 1969 gwamnati ta ƙwace harkar, ta zama a hannun hukuma ita kaɗai har ƙarshen shekarun 1990, sa'ad da aka sake barin 'yan kasuwa su shiga. Galibin mutane ba su san ta ba sai ta fuskar mota, inda doka ta tilasta. Masu yi wa gini da kayan cikinsa inshora su ne kamfanoni da bankuna da asibitoci masu zaman kansu da manyan kantuna. Talaka kuwa garantin dillali ne iyakarsa, shi ma kuma ƙofofin gudunsa irin na inshora ne.

Mu ƙaddara wani Alhaji mai kantin magani a Mahdiya, na'urarsa ta tsaya ran Alhamis da azahar, magungunan da ba sa son zafi suna jere a kanta. Ya kira wani saurayi Bahaushe da aka yaba masa. Yaro ya kafa tsani, ya kwance murfin akwatin waje, wari irin na ƙonanniyar waya ya buge shi; ya ga haƙarƙarin na'urar ya toshe da jar ƙurar iskar hamada da ake kira gibli har yatsa na iya kankare ta, ya ga kafasita ta kumbura, ya ɗora mitarsa a kan kwamfireso ya tarar wayoyin cikinsa sun haɗe da jikin ƙarfe. Ya sauko ya ce, “Alhaji, kwamfireso ya tafi, sai sabo.” Alhaji ya ce a sa, domin ba zai iya jiran Lahadi ba. Aka sayo, yaro ya yi walda a bututun jan ƙarfe, ya zuƙe iska, ya ɗura gas, sanyi ya dawo kafin magariba, aka jefar da tsohon kwamfireso ga masu sayen gwangwan. Bayan makonni amsar kamfani ta zo cewa ba za a biya ba, kuma dalilan sanannu ne ga duk wanda ya taɓa karanta ƙananan rubutun da ke bayan irin wannan takarda: an yi gyara kafin mai duba ɓarna na kamfani ya gani; an zubar da abin da ya lalace; rasit ɗin ba shi da hatimin shago mai rajista; kuma ko da an cika waɗannan duka, lalacewar da tsufa ko rashin wanki ya jawo ba ta cikin lamuni, haka nan wadda hawa da saukar wuta ya jawo, sai in an sayi ƙarin sharaɗi dominta.

A nan ne bambancin tsohon hukunci da sabon ya fito fili. Kwamfireso yakan ƙone idan ƙura ta hana shi fitar da zafi, yakan kuma ƙone idan ƙarfin wuta ya faɗi ƙasa da abin da aka ƙera shi a kai, domin a lokacin yakan ja wuta fiye da kima wayoyinsa su yi zafi, haka kuma idan aka ɗauke wuta aka maido ta nan take kafin gas ya daidaita. A Sabha duk ukun suna aukuwa a mako guda, ba kuma mai iya rantsuwa cewa wannan ne ya kashe shi ba wancan ba. Fukaha'u sun ɗora hujja a kan wanda ya gani, sun soke sharaɗin kuɓuta; takardar inshora kuwa ta ɗora hujja a kan wanda ya yi asara, kuma ginshiƙinta ma shi ne jerin abubuwan da aka toge. Mai duba ɓarna da ake cewa a jira, sau da yawa daga Tarabulus zai taso, alhali filin jirgin saman Sabha ya yi shekaru a rufe bayan faɗan 2014. Idan kuwa harsashi ne ya huda bututun, abin da ba baƙo ba ne a garin da ya ga faɗan Tubawa da Aulad Sulaiman a 2012 da 2014, to, kusan kowace takardar inshora a duniya ta toge yaƙi da tarzoma, wato daidai abin da malamanmu suka shigar cikin ja'iha shi ne kamfani ya fara fitarwa. Ban ce kamfani ba shi da uzuri ba, domin wanda ya lamunce yaƙi a ƙasar da ake yaƙi zai karye a shekara guda, kuma masu kawo rasit na ƙarya ba su ƙare ba. Amma ya kamata wanda ake karɓar kuɗinsa kowace shekara a gaya masa wannan da baki ranar ƙulla yarjejeniya, ba ranar da ya zo karɓa ba.

Ba a ce Alhaji ba shi da ƙofa sam ba. Dokar da aka ɗauko daga Masar ta soke sharaɗin da ke zubar da haƙƙin mutum saboda jinkirin kai rahoto idan yana da uzuri karɓaɓɓe, ta soke sharaɗin faɗuwar haƙƙi da aka buga ba a fito da shi sarari ba, ta kuma soke sharaɗin zalunci wanda saɓa masa ba shi da hannu a aukuwar ɓarnar. Wanda ya ajiye tsohon kwamfireso, ya ɗauki hotonsa da waya kafin a kwance, ya sanar da kamfani a rubuce tun ranar, ya nemi a ba shi dalilin ƙi a rubuce, yana da abin da zai riƙe a gaban alƙali. Sai dai shari'a tana cin lokaci da kuɗin da suka fi na kwamfireso, babban shaidarsa kuma yaro ne wanda ba zai so ya taka ƙofar kotu ba, tun da tambayar farko da za a yi masa ita ce ina takardarsa ta zama. Bayan Alhaji da mai gyara da kamfani, akwai kuma na huɗu wanda ba ya shiga rigimar ko kaɗan, watau mai ba da wutar. Kuma ƙarancin wuta da na man fetur da na takardun kuɗi a bankuna suna cikin koke-koken da suka sa matasan kudu suka taru da sunan fushin Fazzan, har aka rufe rijiyoyin mai na Sharara a Disamba 2018.

Saboda haka sai rigima ta gangaro kan mai rauni. Alhaji, da zafin amsar kamfani, ya ce yaro ne ya yi garaje, shi ya sa aka jefar da hujja, don haka ba zai cika masa ladansa ba, in ma sabon kwamfireso ya sake ƙonewa shi zai biya. A nan al'amari kan koma ga tsarin da ayari ya bari, domin baƙo a irin wannan gari ba ya rasa maigida, dattijon da ya daɗe, ya iya Larabcin wurin, wanda a wajensa aka sauka kuma da yawunsa aka sami aikin. A zauna bayan la'asar, a zuba shayi. Dattijo ya juya ga yaro ya ce, “Ɗana, tsakaninka da Allah, ka gaya wa Alhaji wutarsa ba ta da ƙarfi?” Yaro ya ce, “Wallahi Baba na gaya masa, na ce ya sa sitabilaiza kafin a kunna.” Dattijo ya ce, “A gabansa ka yi aikin, ko ka ɗauke ka kai shago?” Ya ce, “A gabansa, yana tsaye yana riƙe mini tsani.” Ko dattijon ya taɓa buɗe Muhtasar ko bai taɓa ba, tambayoyinsa biyu su ne na babin lamunin masu sana'a, amsarsu kuma ta sauke wa yaro biyan kwamfireso. Abin da ya rage sulhu ne: Alhaji ya cika lada ya sayi sitabilaiza, yaro ya ɗauki wankin na'urar kyauta har zafi ya wuce, dattijo kuma ya tsaya masa, cewa in aikin hannunsa ne ya warware, walda ta buɗe ko gas ya tsiyaye, a zo wurinsa.

Dattijon ba ya karɓar ko dirhami a kan wannan tsayawa, kuma da zai karɓa da malamai sun hana shi, gama a mazhabar Malik lamuni yana cikin ayyukan alheri da ba a karɓar lada a kansu, tamkar rance, kuma wannan yana daga cikin dalilan da suka sa fukaha'u da yawa suka ƙi sakin jiki da kamfanin da sana'arsa ita ce sayar da lamuni. Ribarsa ta wata fuska take zuwa: ranar da Alhaji ko ɗan'uwansa ya tashi neman magini, ko mai gadin gona, ko wanda zai ɗaura masa sabuwar na'ura a gidan amarya, ƙofar dattijon zai fara ƙwanƙwasawa, shi kuma ya duba cikin yaran da suka sauka a wurinsa ya tura wanda ya san ba zai ba shi kunya ba.